Daɓen da ba ya ƙara

"Ɓamɓare shi duka," matar gidan ta ce wa kafinta.

Ya taka sabon daɓen katakon ɗakin sama da ƙarfi. "Hajiya, aikin nan ba shi da aibu. Ba ƙusa, ba gam, a kan soso yake kwance. Sanyi ba ya ratsowa, ƙara ba ta sauka ƙasa. Ba ke kika ce ƙarar sandar surukarki ta hana ki sakat ba?"

Sai ya hango katakon daɓen da ke bakin gado duk ya lotsa.

"Wa ya yi masa wannan dukan?"

"Inna ce, da sandarta. Jiya ta faɗi, tun safe take bugawa har azahar. Ni kuwa ina ƙasa, ina yabon aikinka."