Garin Kuka Zuwa Istanbul

"Ƙaro daddawa da garin kuka, Inna Kande," in ji Safiatou ga mai kayan miyarta a Babbar Kasuwa. "Jibi za mu Istanbul da iyali."

"Duk wannan? Can ba sa girki ne?"

"Ba ki san shi ba. Bara kwana uku ya yi bai ci komai ba. A kawo miya, ya shinshina ya ture. Sai da na tuƙa masa tuwo a ɗakin otel, ƙararrawar gobara ta tashi."

"Allah sarki, yaran yanzu! Shekararsa nawa?"

"Hamsin da huɗu. Ga shi can a mota yana gyara hula. Yaran kuwa har ƙaguwa suka cinye, suka nemi ƙari."