Ranar da Inna Ta Kira Sunansa

"Mas'udu, ka dawo?"

Makullin mota ya suɓuce daga hannunsa. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidansu na Zariya kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. "Kai" take ce masa, ko "wancan yaron". Ko ranar da zai taho Doha aikin injiniya, bango ta juya wa fuska ta yi masa addu'a.

Ga ta yau a falonsa na Al Wakrah, wani gari kusa da Doha, watanni kaɗan da ɗauko ta, tana kallon tsakiyar idonsa tana murmushi. Ya shige banɗaki ya yi kuka kamar yaro, don ya daɗe yana jiran wannan rana.

Daga nan Inna ta zama wata daban. Tana zama kusa da shi ta yi ta hira, har da zolaya. Kowane abinci aka kawo sai ta yi godiya ta ce sannu da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri. In ya yi sallama, sai ta yi wuf ta jawo mayafi kafin ta amsa. Kullum da safe takan ninke kayanta tsaf ta zuba a jaka, ta ajiye a bakin ƙofa.

Matarsa Nasiratu ce ta fara tsorata. Ta ce ta tarar da Inna tsaye a gaban madubi tana gaida wadda ke ciki, tana tambayarta ko ita ma baƙuwa ce.

"Wallahi wannan ba Innar da na sani ba ce," in ji ta. "Jikin nata ne, amma wani abu ya shiga. Mu nemo mai ruƙiya."

"Khalas, ya isa haka, Nasiratu! Don uwa ta kira sunan ɗanta sai ya zama aljani?"

Ya hana. Gaskiyar magana shi ma yana jin tsikar jikinsa na tashi in ta ƙura masa ido, amma ya fi tsoron a yi mata magani ta koma ta daina kiransa.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya kai ta bakin teku, bayan kasuwar Al Wakrah, inda jiragen masunta ke ɗaure. Zafi ya ɗan sassauta. Ta zauna a benci ta bar tazara a tsakaninsu, ta daɗe tana kallon ruwa.

"Mas'udu, kai mutumin kirki ne," ta ce. "Allah ya yi wa wadda ta haife ka albarka."

Ya yi dariya, amma ita ba ta yi ba.

"Alfarma nake nema. An ce min ɗana yana garin nan. Kai da kake fita kullum, in ka gan shi ka ce ya zo ya ɗauke ni. Na daɗe a gidan mutane."

Da ƙyar ya iya tambaya, "Inna, yaya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki, ta juya masa ƙeya yadda ta saba tun yana ƙarami.

"Haba, bawan Allah. Ai ɗan fari ne, ba na faɗin sunansa."