Riƙe Min Agogon Nan

Likitan da zai auri Malama Barewa ya zo filin makarantarsu ne da maganar sa ranar aurensu a bakinsa, sai ta danƙa masa agogon auna gudu.

"Riƙe min. Yaran nan wai na tsufa."

Ta shiga layi cikin ɗalibanta. Ana busa usur, kafin ya ƙifta ido ta bar su a baya, fuskarta na wani haske da rabonsa da gani tun ranar da ta bar gasar tsere ta koma koyarwa. Shi ne ya sa ta bari. Shi ya ce ba zai iya da matar da kullum jakar tafiyarta ke bakin ƙofa ba.

Ya danna agogon, ya duba, gabansa ya faɗi. Saurinta na nan, ko kaɗan bai ragu ba. Tana tahowa tana haki, ya sa babban yatsa ya goge lambar.

"Nawa?" ta tambaya tana murmushi.

"Ban danna daidai ba."

Ta zuba masa ido har sai da ya sunkuyar da kai. Ta karɓi agogon a hankali, ta rataya a wuya.

"Ƙafata ta riga ta gaya min," in ji ta. "Na san abin da na ajiye dominka, kuma ban taɓa yi maka gori ba. So nake kawai ka gani, ka faɗa da bakinka."

"Barewa, maganar ranarmu..."

"Bar ta tukuna."

Ta sa usur a baki, ta juya wajen yaran.