Yau Ba A Yi Rasuwa Ba

Tun da aka liƙa wa masu ciwon hanta maɓalli mai magana a haƙarƙari, hantar Malam Barau take sanar da rasuwa kowace safiya: ƙwayoyinta kaza sun mutu. Maƙwabta sun saba leƙowa ta'aziyya, su sha koko su tafi.

Ranar Laraba maɓallin ya yi gyaran murya ya ce, "Yau ba a yi rasuwa ba."

Barau ya aika a sayo rago, ya zauna a zaure yana karɓar barka. Matarsa Asabe, wadda ita kaɗai ta saurari likita har ƙarshe, ta kira shi ciki.

"Malam, cutar nan takan hana lalatattun ƙwayoyi mutuwa. Su yi ta hayayyafa har su zama ciwon daji. Sa takalmi, mu je asibiti."

A ƙofar gida suka ci karo da ragon. Maɓallin ya ce, "An yi haihuwa."

"Barka," in ji maƙwabcinsu Tanko. "Ga ragon suna ma a hannu."

"An sake yi," in ji maɓallin.

Asabe ta ja hannun mijinta, ta ƙara sauri.