Mai Jifan da Aka Sallama

Alƙalin wasa na gama karanta dokar gasar buga ƙwallo bayan katanga, cewa kowane mai bugu shi zai zaɓi mai jefo masa ƙwallo, sai wata mai bugu ta nuno mahaifinta, tsohon mai jifa, cikin 'yan kallo. Filin besbol, wasan bugun ƙwallo da sanda, na garin San Pedro ya tuntsire da dariya.

Shekara talatin ke nan da ƙungiyar garin ta sallame shi, don duk ƙwallon da ya jefa sai an maka ta bayan katanga.

"Baba, jifa goma ne, kuma wanda ke kan gaba ya tsallakar da takwas bayan katanga," in ji ta. "Yi irin naka na da, kada ka gyara komai."

"Ja'ira, a gaban mutane za ki yi mini tsiya?"

Ta farko ta haye katanga. Ta biyu ta faɗa rumfar mai suyar ayaba. Kafin ta bakwai, tsofaffin da suka taɓa jifan sa da ɓawon lemo sun miƙe suna rera sunansa.

Ta tara ta wuce ta saman kansa ta haye katanga, 'yarsa ta zarce mai takwas. Ya juya ya bi ta da kallo kamar yadda ya saba, sai dai yau rawa yake tiƙa.