Saƙo Dubu Biyu da Ba a Buɗe Ba

Ranar Litinin, sha huɗu ga Afrilu, da ƙarfe tara da kwata na safe, aka fara wannan cin mutunci.

Injiniyan kwamfuta na kwalejin ya gaji da leƙa akwatunan imel na ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Sai ya rubuta 'yar manhaja mai zagaya manyan kwamfutoci uku da ke riƙe da wasiƙun, ta auna kowane akwati, ta fitar da rahoto. Yana ta hura hanci kamar shi ya ƙirƙiro lissafi, mutumin da sai da ya maimaita aji huɗu.

Rahoton farko shi ya fara kamawa. Akwatinsa ne ya fi na kowa cika: saƙo dubu biyu da ɗari uku da sha ɗaya, duk daga adireshi guda, ba a buɗe ko ɗaya ba. Kullum ƙarfe bakwai na safe suke shigowa, shekara shida da wata huɗu ba fashi, su wuce wani lungu da ya ware musu tun tuni ya manta.

Magatakarda ya karanta a taron ma'aikata, yana ƙunshe dariya. "Injiniya, wace ce wannan mai naci? Ko mu fara ɗinkin biki?"

"Na'urar 'yan talla ce, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ɗan adam ba ya wannan naci."

Ko duba adireshin bai yi ba. Ya ƙara layi biyu a manhajar: ta toshe mai aikowa a kwamfutocin uku, ta kuma sanar da ma'aikata ɗari huɗu cewa wannan adireshi shara yake yaɗawa, kowa ya guje shi.

Rabin waɗannan ma'aikata a hannun mai adireshin suka koyi riƙe fensir. Kafin azahar, uku daga cikinsu sun bugo wa mai adireshin waya suna jaje, ɗaya na dariya ƙasa-ƙasa. Injiniyan kuwa ya koma gida ya cinye kwano biyu, da aka tambaye shi saƙon safe ya amsa yadda ya saba: "Na gani."

Saboda haka ina neman ya tsaya a gaban taron ma'aikatan nan ya nemi afuwata, a rubuce, ba kuskure ko na waƙafi, domin ni ce na'urar 'yan tallar, kuma ni na haife shi.