Kwamfutar da Aka Tsallake

Tunda an damƙa maka wannan aiki, zauna ka ji wani misali.

An yi wani mutum da ke kula da kwamfutocin wani asibiti mai rassa a garuruwa da dama. Asibitin yana da likitocin zuciya a ƙasar waje, suna duba marasa lafiya ta bidiyo. Can ƙasar tasu kuwa sau biyu a shekara ake juya agogo, a ƙara awa ɗaya ko a rage, kalandar da ke cikin kwamfutocin ba ta san da haka ba. Don haka ma'aikatan jinya suke gyara lissafin da ka, kuma ba a taɓa samun kuskure ba. Da masu manhajar suka aiko da gyara, mutumin ya tura shi daga ofishinsa zuwa dukkan rassan. Ko'ina ya shiga, ban da wani reshe na ƙauye inda aka ɗauke wuta, kwamfutar tana kashe. Mutumin ya gani sarai, ya ce in ya samu sarari zai koma kanta. Amma shugabansa na jiran labari, sai ya sanar da kowa cewa an gama, daga yau a bi abin da kalanda ta nuna, kada wanda ya sake ƙari ko ragi.

A ƙauyen nan akwai wata mai tuyar ƙosai da ta yi watanni tana jiran a duba 'yarta, wadda ko tsakar gida ta ƙetare sai numfashinta ya sarƙe, leɓɓanta su yi baƙi. Ma'aikaciyar jinya ta duba kalanda, ranta ya raya mata ta rage awar nan kamar yadda ta saba, sai ta tuna umarnin, ta faɗa wa uwar lokacin da ta gani. Ranar uwar ta goyo yarinyar, suka iso da wuri a ganinsu. Aka kunna bidiyo, kujerar likita wayam: ya jira har ya gaji, ya shiga tiyata. Aka sake sa musu rana sai bayan damina. Yarinyar ba ta kai ba.

Da labari ya iske mutumin, ya sake tura gyaran, kafin shayinsa ya huce ya shiga. Ya kira ma'aikaciyar don ya shaida mata. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Malam, da ba ka ce an gyara ba, da ni na gyara."

Shi ya sa Hausawa ke cewa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.